Malejin DC-3: Dalilin da Ya Sa 84 Ɗinka Ba 84 Ɗin Littafi Ba Ne

Wani matashi daga Marwa ya aiko mini da tambaya tare da hoton allon kwamfutarsa. Ya ce ya koyi tuƙi a manhajar kwaikwayon jirgin sama da ƙaramin jirgin nan Cessna 172, har ya saba da malejinsa mai ziri fari da kore da rawaya, amma da ya koma tsohon jirgin fasinja mai inji biyu DC-3 sai ya tarar da agogo kusan tsirara, babu komai a fuskarsa sai lambobi da jan layi guda da wata 'yar alama ruwan ɗorawa. Ya samo jerin lambobin gudu na jirgin inda aka ce a tashi a kan 84, yana ɗaga shi a kan 84 ɗin daga filin jirgin sama na Salak da ke kusa da Marwa, jirgin yana ta tangaɗi kamar mai gyangyaɗi, ranar da ya gwada kashe inji ɗaya kuwa sai ya kife da shi. Yana so ya san ma'anar alamomin, da kuma ko manhajar ce ba ta da lafiya.

Ɗana, manhajarka lafiyarta ƙalau, abin da jirgin gaskiya zai yi maka ne ta yi maka. Na shafe shekaru masu yawa a ɗakin gyaran agogunan jirgi tsakanin filin Garwa da na Njamena, tun tsofaffin jirage masu farfela suna jigilar kaya da mutane a sararinmu, saboda haka da na buɗe hotonka ban fara da launi ba, na fara ne da ƙananan haruffan da ke ƙarƙashin gindin allura. Ka koma ka duba, za ka ga an rubuta MPH, wato mil a awa, irin mil ɗin da ake auna hanyar mota da shi a Amurka, mai tsawon mita 1,609. Jerin lambobin da ka samo kuwa da not aka rubuta shi, kuma not ɗaya shi ne mil ɗin teku ɗaya a awa, mai tsawon mita 1,852. Ke nan not ya ɗara mil da kusan kashi 15 cikin ɗari. Not 84 da littafi ya ce a tashi da shi, a kan agogonka 97 ne, 84 ɗin da kake gani kana jan sitiyari kuwa not 73 ne kacal.

Wannan not 11 da ka ci bashi shi ne ya kifar da kai. Littattafan DC-3 suna kawo wani gudu a kan not 76, wato mil 88 a awa, wanda ake rubutawa Vmc, kuma shi ne mafi ƙarancin gudun da matuƙi zai iya riƙe hancin jirgi a miƙe idan inji ɗaya ya mutu alhali ɗayan yana kan cikakken totur. Injin da ke raye yana jan ɓangarensa gaba, mataccen yana riƙe nasa baya, balle idan farfelarsa tana ta juyawa da iska ba a karkatar da fuka-fukanta ba, kuma babu abin da ke hana jirgin juyawa sai faifan nan na tsaye da ke wutsiya, wanda ake sarrafawa da ƙafa. Shi kuwa faifan ba shi da wani ƙarfi sai wanda iskar da ke bugunsa ta ba shi. Idan gudu ya gaza, ko ka taka feda har ta taɓa ƙasa hanci zai ci gaba da karkata wajen mataccen injin, fiffiken wannan gefe ya nutse, jirgi ya mirgina. A DC-3 farfelun biyu gefe guda suke juyawa, wannan ya sa mutuwar injin hagu ta fi ta dama wuyar riƙewa. An zaɓi not 84 ne don ya ba ka rata bisa 76, kai kuma ka bar ƙasa a 73, ƙarƙashin iyakar kanta.

Akwai wani tarko a cikin lambobin wannan jirgi da na sha nuna wa yaran da suka koyi aiki a hannuna. Lambar 97 tana fitowa sau biyu, kuma ma'anoninta ba su haɗa hanya ba. A agogo mai mil, 97 shi ne gudun tashi da muka ambata. A agogo mai not kuwa, 97 shi ne iyakar gudun da aka yarda a sauke fulaf gaba ɗaya, wato faifan da ke saukowa daga bayan fiffike lokacin sauka, wanda a mil yake zama 112. Wanda ya haddace lamba bai haddace ma'auninta ba yana iya musanya su, ya kuma rantse cewa littafi ya bi. Tushen rikicin tsufan jirgin ne. DC-3 ya fara tashi ranar 17 ga Disamba 1935 a Kalifoniya, zamanin da jiragen Amurka suke lissafi da mil, daga baya ne sufurin sama ya karkata ga not, saboda mil ɗin teku ya yi daidai da rabe-raben layukan taswira, abin da ya sauƙaƙa wa masu lissafin hanya aiki. Kamfanonin da suka ci gaba da riƙe jirgin wasu sun canza agogunan, wasu sun bar su yadda suke, wasu sun sa mai da'ira biyu, mil a waje not a ciki ko akasin haka. Ranar da ka hau Antonov irin waɗanda ake gani a Njamena kuma za ka ci karo da ma'auni na uku, kilomita a awa, inda not 84 yake zama 156. Kowace ƙwarya da abokiyar burminta, haka kowane agogo da littafinsa.

Kafin launuka su yi maka ma'ana sai ka san abin da allurar take aunawa, domin sunan maleji da muke ba ta yana yaudara. Malejin mota juyawar taya yake ƙirgawa, na jirgi kuwa bai san da ƙasa ba, ƙarfin bugun iska kawai yake ji. A ƙarƙashin hancin DC-3 akwai 'yan bututu masu baki a buɗe suna fuskantar gaba, ana kiran irinsu bututun pito, sunan Henri Pitot, Bafaranshen injiniyan da ya ƙirƙiro shi a 1732 don auna gudun ruwan kogin Sen. Iskar da ta cusu a bututun tana bin siririn tiyo har cikin agogo, ta shiga wani ɗan kwanon ƙarfe mai laushi kamar murafun gwangwani biyu da aka liƙe baki da baki, shi kuma kwanon yana zaune ne a cikin akwatin da aka haɗa da wasu ƙananan huji masu jin nauyin iskar da ke kwance, marar bugu. Bambancin da ke tsakanin biyun shi ke kumbura kwanon, kumburin ya tura 'yan ƙarafa masu haƙora, su kuma su juya allura. Matuƙanmu da suka yi karatu da Faransanci badan suke kiran agogon, sunan Raoul Badin wanda ya ƙera irinsa a Faransa kafin yaƙin duniya na farko. Ranar da na fara gwada shi a kan benci, ƙanƙantar ƙarfin ce ta ba ni mamaki: a not 100 bugun iskar bai isa ya ɗaga ruwa santimita 17 a cikin tiyo ba, a not 200 kuma sai ya ninka sau huɗu. Shi ya sa dokar farko da ake koya wa yaron shago ita ce kada ya kuskura ya hura bututun da baki, domin numfashin ƙato ɗaya ya isa ya ƙure malejin ya lalata kwanon.

Wannan jin bugun iska kawai da ake yi wa kallon naƙasa shi ne babban amfanin agogon, domin fiffike ma bugun iska yake ji, haka faifan wutsiya, haka fulaf, kuma duk iyakokin da aka zana a fuskar agogo da gudun allura aka auna su. Ɗauki Garwa a watan Afrilu. Filin yana kusan ƙafa 800 bisa teku, amma idan zafi ya kai digiri 40 da rana tsaka, iska takan yi sako-sako har ta zama kamar ta tsayin ƙafa 4,000, sai allura ta nuna not 84 alhali jirgin yana ratsa iska da kusan 89. A Ngaundare, kan tudun Adamawa, inda filin ya haura ƙafa 3,600, rana mai digiri 30 ma ta isa ta kai ratar kashi 10 cikin ɗari, jirgin ya kai 92 kafin allura ta taɓa 84. Sabon matuƙi yakan ga gefen titi yana wucewa da sauri fiye da yadda ya saba, ƙarshen titi kuma yana matsowa, sai ya ja jirgi kafin allura ta iso, wani kuma ya ce tunda ana zafi bari ya ƙara wa lambar wani abu. Su biyun duka sun kauce. Lambar allura ba ruwanta da zafi ko tudu, abin da ke canzawa shi ne tsawon titin da za ka ci kafin ka same ta, da kuma ƙarfin da inji da farfela suke iya bayarwa a siririyar iska.

A sama ratar takan ƙara faɗi, kuma lissafin ka da matuƙa suke yi shi ne kashi 2 cikin ɗari a kowace ƙafa dubu. Daga Garwa zuwa Njamena mil ɗin teku kusan 195 ne, hanci yana kallon arewa maso gabas. Idan kana ƙafa 9,000 allura tana kan not 130, gudunka na gaskiya a cikin iska ya kai 150 ko ya ɗan haura. A lokacin hunturu kuwa daga arewa maso gabas ɗin iska take busowa, ka tare ta gaba da gaba, idan ta kai not 20 sai gudunka a kan ƙasa ya dawo 130, tafiyar minti 78 ta koma ta awa ɗaya da rabi, kai kuma ka zaci agogonka da taswira sun yarda da juna alhali dace ne kawai. Na kawo wannan ne saboda manhajojin kwaikwayo suna nuna duka lambobin uku a wurare daban-daban, IAS na allura, TAS na gaskiya a cikin iska, GS na ƙasa, kuma yawancinsu da not suke rubuta na gefen allo ko da agogon ɗakin matuƙi mil yake ƙirgawa. Tsofaffin fitowar Microsoft Flight Simulator ma suna da wurin zaɓi da ke sa agogo ya nuna gudun gaskiya maimakon na allura. Idan taka tana da shi, ka tabbata yana kan na allura, in ba haka ba babu alamar da ke fuskar agogon da za ta yi maka amfani a sama.

Launukan da ka saba da su ba za su ci mana lokaci ba. A Cessna 172 ta zamani farin ziri yana farawa daga not 40 zuwa 85, ƙasansa gudun da iska take suɓuce wa fiffike da fulaf a sauke, samansa iyakar cikakken fulaf. Kore daga 48 zuwa 129 ne, filin aikin yau da kullum, rawaya daga 129 zuwa 163 ba a shigarsa sai iska tana kwance babu gargada, jan layi a 163 kuma ba a ƙetare shi. Wannan tsari hukumar jiragen sama ta Amurka ta wajabta shi ne a kan jiragen da nauyinsu bai wuce fam 12,500 ba, wato kilo 5,670, waɗanda aka ƙera bayan 1945. DC-3 ya fita daga dokar ta kowace ƙofa, domin ya girme ta da shekara goma, nauyinsa kuma ya haura kilo 11,000. Dubban da aka ƙera wa soja a yaƙin duniya na biyu da sunan C-47, waɗanda daga cikinsu ne akasarin DC-3 da suka yi aiki a Afirka suka fito, da tsarin alamomin soja suka zo, wanda bai wuce 'yan gajerun layuka ba. Saboda haka rawaya a agogon tsohon jirgi ba lalle ne ta zama rawayar Cessna ba. Gajeren jan layi na ƙasa mai nuna Vmc, da shuɗin layi mai nuna gudun da ya fi hawa da inji ɗaya, su ma daga baya aka zo da su a kan ƙananan jirage masu inji biyu, idan ka gan su a DC-3 to mai jirgin ne ya ƙara.

Hanyar gane alamar da ba ka sani ba ita ce ka karanta lambar da take kai, ka juya ta zuwa ma'aunin littafi, ka nemi abokiyarta a shafin iyakoki. 'Yar alamarka ruwan ɗorawa a kan 112 take zaune, wanda shi ne not 97, saboda haka iyakar cikakken fulaf ce, ba farkon yankin hattara irin na rawayar Cessna ba. Kwata ɗin fulaf an yarda da shi tun daga not 135, mil 155 ke nan, amma babu wanda ya zana maka wannan, a faranti ko a littafi ake samunsa. Jan layin da ke can sama da 200 shi ne gudun da ba a ƙetarewa, kuma lambarsa takan bambanta tsakanin littafin soja da na farar hula, don haka ka riƙe ta littafin da ya zo da jirginka.

A jirage da yawa na wancan zamani ba a fuskar agogo ake shafa alamomin ba, a kan gilashin ake yi da buroshi, sannan a ja wani ɗan farin layi daga bakin gilashi zuwa jikin ƙarfen da ke riƙe da shi. Idan ka ga irin wannan farin layi a ƙasan agogo a manhajarka, ba gudu yake nunawa ba, shaida ce cewa gilashin bai juya ba. Na taɓa karɓar agogo daga wani jirgin kaya, matuƙin yana ƙorafin cewa fulaf yana yi masa gurnani duk da yana sauke shi a kan alama. Na haɗa shi da famfon gwaji, allura ta bi kowace lamba daidai, har na fara tunanin kunnen matuƙin ne. Da na karkata agogon wajen taga sai na ga farin layin ya rabu biyu, rabin da ke kan gilashi ya gusa daga na ƙarfe da kamar faɗin ƙwayar shinkafa. Zoben da ke matse gilashin ne ya saki, girgizar inji ta yi ta juya shi sannu a hankali, alamar fulaf ta hau sama da kusan mil goma ba wanda ya lura. Allurar ba ta taɓa yin ƙarya ba, fentin ne ya yi tafiya.

Akwai kuma dalili mai zurfi da ya sa manyan jirage ba su damu da zirin launi ba, kuma a ganina shi ya fi cancanta ka riƙe. Ƙasan farin ziri da na kore gaskiya ne a nauyi guda kawai, wato cikakken lodi, fiffike a miƙe. Gudun suɓucewa yana bin nauyi, idan ka rage kashi 20 cikin ɗari na nauyin jirgi yakan sauka da kusan kashi 10, idan kuma ka kwantar da fiffike kana kwana ba tare da ka bar tsayi ya ragu ba sai ya hau, kusan kashi 19 a digiri 45, kashi 41 a digiri 60. A Cessna bambancin mutum ɗaya da mutum huɗu bai wuce 'yan not ba, fenti yana iya ɗauka. Jirgin da zai tashi daga Njamena cike da mai da buhuna ya sauka bayan awa biyar ya sha man da ya haura tan ɗaya, ko ya koma fanko bayan ya sauke kaya, ba shi da lamba guda da za a zana masa ta yi daidai safe da yamma. Haka gudun ratsa gargadar iska, wanda matuƙi yake buƙata idan hadarin Agusta ya taso a kan Binuwai, ba a zana shi a agogo ko da a ƙananan jirage, domin shi ma yana sauka idan nauyi ya ragu. Tsofaffin matuƙa kati suke ajiyewa a aljihun riga ko su maƙala shi a gefen gilashi, suna duba nauyin ranar su ɗauki lambar da ta dace.

Da jirage masu injin jet suka zo, sai aka ɗauko katin nan aka ɗora a bakin agogo. Idan ka koma Boeing 737-200, irin wanda Cameroon Airlines ya yi aiki da shi tun farkon shekarun 1970, za ka ga 'yan fararen robobi a gewayen malejin waɗanda ake turawa da yatsa, da wata alama ruwan goro a ciki da ake juyawa da maɓalli. Kafin kowace tafiya matuƙa biyu sukan duba nauyi da zafi da tsawon titi, su tura roba ɗaya kan V1, gudun da idan an wuce shi ba a fasa tashi ko da inji ya mutu, wata kan gudun ɗaga hanci, alamar ciki kuma kan V2, gudun hawa da inji ɗaya. A manhaja yawanci da linzami ake jan robobin, kuma wanda ya bar su inda ya same su yana tuƙi ne da lissafin wata rana dabam.

Jan layi ma a irin wannan jirgi ya tashi daga fenti ya zama allura ta biyu, mai zanen ja da fari, wadda Turawa suke kira sandar mai aski saboda ta yi kama da sandar da masu askinsu suke kafawa a ƙofar shago. Tana motsi da kanta ne saboda iyaka biyu take wakilta. A ƙasa-ƙasa ƙarfin bugun iska a jikin jirgi ake tsoro, iyakar tana wajen not 350. A can sama kuwa kusantar gudun sauti ake tsoro, iyakar 737-200 kashi 84 cikin ɗari ce na gudun sauti, wanda ake rubutawa Mach 0.84, shi kuma sauti yana rage gudu a iska mai sanyi, daga not 661 a bakin teku zuwa kusan 575 a ƙafa 35,000. Saboda siririyar iskar wurin, wannan iyaka a kan allura ba ta kai 300 ba, shi ya sa kana hawa za ka ga sandar tana saukowa tana neman allurarka, idan suka haɗu kuma ƙararrawa mai ƙwas-ƙwas ta cika ɗakin. DC-3 bai san wannan damuwa ba, domin bai kai ko rabin gudun sauti ba.

Duk waɗannan alamomi sun dogara ne ga ɗan bakin bututun nan da bai fi kaurin fensir ba, kuma babban abokin gabarsa a ƙasarmu zanzaro ne. Jirgi ya kwana biyu a fili ba a rufe bututun ba, sai ka zo ka tarar ya yaɓa masa laka a ciki tsaf, na sha zaro irin wannan gini da hannuna a lokacin damina. Ranar 6 ga Fabrairu 1996 wani Boeing 757 ya faɗa teku jim kaɗan bayan ya tashi daga Puerto Plata a Jamhuriyar Dominika, mutum 189 suka rasu, masu bincike suka gano bututun pito ɗaya a toshe yake, kuma suka fi zargin ginin wani ƙwaro dangin zanzaro, domin jirgin ya yi kusan mako uku a ajiye. Idan bututun ya toshe ƙam, iskar da ke cikin kwanon ta zama fursuna, sai malejin ya koma aikin agogon tsayi, kana hawa allura tana hawa ko da gudu yana mutuwa, kana sauka tana sauka. Idan hujin iskar kwance ne suka toshe, lamarin ya juya, allura ta rage maka a hawa ta ƙara maka a sauka. A manhaja ƙanƙara ce ta fi jawo wannan, a sararin Sahel sai an haura wajen ƙafa 15,000 ake samunta, amma idan ka kai DC-3 ɗinka Turai a lokacin sanyi ka kunna hitar bututun tun kana ƙasa. Ka kuma saba da leƙa agogon mataimaki yayin gudun tashi, idan biyun suka saɓa kafin gudun yanke shawara, wato V1, tsayawa ake yi.

Tafiyarka ta gaba daga Salak ka fara ta da takarda. Ka rubuta 88 da 97 da 112 da 155, kowace da aikinta. DC-3 ba ya buƙatar fulaf a tashin yau da kullum, ka bar wutsiya ta ɗago da kanta, ka riƙe tayoyin gaba a ƙasa har allura ta kai 97 kafin ka ja, za ka ji tangaɗin nan ya ɓace. Idan ka kai ƙafa 5,000 bisa filin, ka daidaita jirgi a mil 120, ka mayar da totur ɗin hagu baya gaba ɗaya, ka cika na dama, ka taka fedar dama gwargwadon abin da zai riƙe hanci, sannan ka ɗaga hanci kaɗan-kaɗan kana barin gudu yana raguwa a hankali. Za ka ji ƙafarka tana ƙara nutsewa har feda ta ƙure, hanci ya fara zamewa hagu duk da haka, wajen 88 ko ƙasa da haka, domin a wannan tsayi injin dama ba lalle ya ba da duk ƙarfin da yake bayarwa a ƙasa ba. Da ka ga haka ka rage totur ɗin dama, ka sunkuyar da hanci, sarrafawa za ta dawo hannunka, haka kuma za ka yi idan jirgin ya riga ya fara karkarwar suɓucewa. Lambar da allura ta nuna lokacin da hancin ya fara zamewa ka ƙara ta a takardarka, ka rubuta MPH a gefenta.